ITMA: Tarihin Wani Shirin Barkwanci na Rediyon BBC

A shekarun 1940 rediyo ita ce abokiyar hirar iyali a ƙasar Birtaniya, domin tun ranar 1 ga Satumba 1939 BBC ta rufe tasharta ta talabijin saboda yaƙi. Daga cikin shirye-shiryen wancan zamani babu wanda ya kai ITMA farin jini. Cikakken sunansa shi ne It's That Man Again, wato "ga mutumin nan kuma". Asalin wannan magana daga jaridu ne, waɗanda suke amfani da ita idan Hitila ya sake tayar da wata fitina.

An fara watsa shirin ranar 12 ga Yuli 1939. Mutum uku ne ginshiƙansa: Tommy Handley, ɗan wasan barkwanci daga Libaful, shi ne jagora, Ted Kavanagh shi ke rubutawa, Francis Worsley kuma shi ke tsarawa. Shiri ne na rabin awa mai haɗa raha da kiɗa da waƙa. Da farko bai karɓu sosai ba. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka sake masa fasali: Handley ya zama ministan wata ma'aikata ta bogi, ana yi wa sababbin ofisoshin gwamnati da dokokinsu ba'a. Jama'ar da ke fama da ƙarancin abinci da kashe fitilu da dare suka sami abin da zai ɗebe musu kewa.

Yaƙin ya sa shirin yin ƙaura sau da dama. Daga Landan aka koma Biristol, da ruwan bama-bamai ya yi tsanani a can aka wuce Bango da ke arewacin Wales a 1941, sannan aka dawo Landan a 1943. A watan Afrilu 1942 an gabatar da shi a fadar Windsor, albarkacin cikar Gimbiya Elizabeth shekara 16.

Ga ɗalibin harshe, abin lura shi ne yadda aka gina shirin. Tun da mai sauraro ba ya ganin kowa, sai aka ba kowane ɗan wasa murya tasa da kuma sara tasa. Za a ji an ƙwanƙwasa ƙofa, mutum ya shigo, ya faɗi sararsa, ya fita, wani ya biyo baya. Akwai Mrs Mopp mai shara, da Kanar Chinstrap wanda kowace magana yake juya ta ta zama tayin giya, da Funf ɗan leƙen asirin Jamus, wanda Jack Train ke yin muryarsa ta hanyar magana cikin kofin gilashi. Waɗannan sare-sare sun shiga bakin jama'a a kasuwa da barikin soja.

An watsa kashi na 310 ranar 6 ga Janairu 1949. Bayan kwana uku Handley ya rasu, BBC kuma ta dakatar da shirin, don babu mai maye gurbinsa.

Mai sauraron faifan ITMA a yau zai ga yawancin rahar ta dusashe, saboda ta dogara ne ga labaran makon da aka yi ta. Haka kuma yadda aka kwaikwayi wasu baƙi, kamar Ali Oop ɗan talla, yanzu ana ɗaukarsa cin fuska ne. Wannan ya nuna cewa fahimtar barkwanci tana bukatar sanin zamani da al'adar masu shi, abin da mai fassara ya kamata ya riƙe.