Yawon Buɗe Ido a Dagona Ranar Ruwan Sama

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Duk wanda ya tambayi lokacin da ya dace a ziyarci dausayin Nguru da Gashuwa, amsar da za a ba shi ita ce lokacin hunturu, sa'ad da tsuntsayen Turai suka sauka. Wannan gaskiya ne. Amma ni cikin watan Agusta na je, ruwa na zuba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da maziyarci zai fahimta a irin wannan rana, wanda mai zuwa da rani ba zai gani ba.

Wane Wuri ne Dagona?

Dagona ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, kuma a gefensa akwai tafkin da aka keɓe domin tsuntsayen ruwa. Tafkin yana cikin Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a shekarar 1991. Gandun ya kasu kashi 3: Chingurmi-Duguma a Jihar Borno, da Bulatura mai tuddan rairayi a yankin Yusufari, sai kuma dausayin Bade da Nguru inda Dagona take. Tun kafin a kafa gandun wurin ya yi suna, domin Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, sannan tafkin Dagona ya bi sahu a 2008.

Abin da Muka Gani

Mun bar Nguru da hantsi, muka kama titin Gashuwa ta Jajimaji, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu sauka daga kwalta ruwa ya tsuge. Daga nan hanyar ta ƙasa ce, kuma inda laka take, tana riƙe tayar mota kamar danƙo, don haka muka ajiye motar muka ƙarasa da ƙafa tare da ma'aikacin gandun.

Agwagin Turai da ake ba da labari ba mu ga ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne a wannan lokaci suna can ƙasashen arewa inda suke ƙyanƙyasa. Sai wajen Oktoba suke ƙetaro Sahara, su koma kusan Maris ko Afrilu. Waɗanda muka tarar 'yan gida ne da baƙin damina: kirinjijiya, da ɗinya, da zalɓe, da balbela, da kuma shamuwa wadda manomi ke ɗaukar zuwanta a matsayin bushara. Bishiyoyin bagaruwa da giyayya suna tsaye cikin ruwa, goruba kuwa tana can kan tudu tare da gonakin gero.

Daga Ina Ruwan Yake Zuwa?

A nan ne darasin yake. Mutumin da ya jiƙe sharkaf zai zaci ruwan da ke dukansa ne ya cika dausayin. Ba haka ba ne. Damina a wannan yanki gajera ce, ruwanta kaɗan ne, zafin rana kuma yana shanye mafi yawansa. Ainihin ruwan baƙo ne. Kogin Haɗeja yana kawo shi daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos da ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai su rarrabu su malale cikin kwaruruka, musamman a watannin Agusta da Satumba, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi.

Wannan malala ita ce uwar komai. Cikinta tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa, gaiwa ta fito daga lakar da ta yi rani a ciki. Da ita ake noman shinkafa. In ta janye, manomi ya shuka wake a danshinta, Bafillace ya sami ciyawa, rijiyoyi su sami ruwa. Tsuntsun da ya taso daga Turai ma ragowarta yake zuwa ci.

Matsalar da Ake Ciki

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Malalar damina ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu mashigai bushewa. Hakan ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Sakamakon haka, wani gari yana kukan ambaliya, maƙwabcinsa yana kukan ƙishirwa. Ashe abin da aka yanke a kan madatsa a Kano yana iya shafar tukunyar masunci a Bade.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, mai son ganin Dagona ya je sau biyu: da damina domin ganin yadda ruwa ke shigowa, da hunturu domin ganin abin da ruwan ya haifar. Ya nemi izini da ɗan jagora daga hukumar gandun, ya tambayi halin hanya kafin ya tashi. Ya kuma tafi da littafi da alƙalami, domin sunayen kifaye da tsuntsaye da ke bakin masuntan yankin taska ce da ke jiran masu nazarin harshe. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.