Yadda Intel ya rasa kambunsa, da abin da hakan ke nufi ga mai sayen kwamfuta a Dutse

Idan ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke zaune a Takur ya tashi sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, tambayarsa ta farko ga mai shago ita ce: Core i5 ce ko Core i7? Dukansu sunayen ƙwaƙwalwar kwamfuta ne da kamfanin Intel na Amurka yake ƙerawa. Shekara da shekaru, tambarin Intel kaɗai ya isa shaidar inganci. Sai dai kamfanin, wanda aka kafa a 1968, ya shiga mawuyacin hali. Cinikinsa ya faɗo daga dala biliyan 79 a 2021 zuwa biliyan 53 a 2024, shekarar da ya tafka asarar kusan dala biliyan 19, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata kimanin 15,000.

Ina aka kuskure?

Kuskuren farko shi ne raina wayar salula. Kafin fitowar iPhone a 2007, Intel ya samu damar ƙera wa Apple ƙwaƙwalwar wayar, amma ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa wayoyin Tecno, Infinix da itel da ke hannun matasanmu suke aiki da ƙwaƙwalwar kamfanoni irin su MediaTek da Unisoc.

Na biyu ya faru ne a masana'anta. Gasar wannan fanni ita ce ƙanƙantawa, domin gwargwadon ƙanƙantar sassan ƙwaƙwalwa, gwargwadon saurinta da ƙarancin cin batirinta. Intel ya dage kan ya zana kayansa, ya kuma ƙera da kansa, amma fasaharsa ta nanomita 10 ta makara da shekaru, ba ta wadata a kasuwa ba sai 2019. Abokin hamayyarsa, AMD, tun 2009 ya rabu da masana'antunsa, daga baya ya riƙa kai zanensa ga TSMC na Taiwan, wanda ya sha gaban kowa. A 2017, ƙarƙashin Lisa Su, AMD ya fito da Ryzen, ya fara janye kwastomomin Intel. A 2020 kuma Apple ya koma amfani da tasa ƙwaƙwalwar, M1.

Na uku shi ne ƙirƙirarriyar basira. Bayan ɓullar ChatGPT a Nuwamban 2022, manyan kamfanoni sun yi rububin kayan Nvidia, har darajarsa ta haura dala tiriliyan 4 a Yulin 2025. Kiɗa ya sauya, Intel bai sauya rawa ba.

Me ya shafe mu?

Da farko, aljihu. Yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu na hannu ne, kuma sunan Core i7 kaɗai ba ya nuna ƙarfi, sai an san zubin shekarar da aka yi ta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, yayin da Windows 11 ke buƙatar ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama. Wanda ya sayi wadda ta girmi haka ya sayi na'urar da kariyarta ke ƙarewa. Sannan babu hujjar ƙyamar Ryzen don kawai ba a saba da sunan ba.

Sai kuma siyasa. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 don farfaɗo da wannan masana'anta a gida. A Agustan 2025, gwamnatin Donald Trump ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin Intel, kan dala biliyan 8.9. Dalilin a fili yake: mafi ingancin ƙwaƙwalwa a Taiwan ake ƙera su, tsibirin da Sin ke iƙirarin mallaka, kuma Amurka ba ta son tsaronta ya rataya a can.

Mu da aka janye wa tallafin man fetur a Mayun 2023 da sunan sakar wa kasuwa mara, ya kamata mu lura. Ƙasar da ta fi kowa wa'azin kasuwa mai 'yanci ba ta bar kamfaninta ya durƙushe ba, domin ta ɗauke shi a matsayin kadarar ƙasa. Tambayar da ta dace matasa su yi wa masu neman ƙuri'unsu ita ce: wace masana'anta ce Najeriya ta zaɓa ta tsaya mata, kuma wa zai bi diddigin kuɗin?