3.4 Haɗa Wayoyin Iyakwandishan Bayan an Canza wa Mota Inji

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke biyo bayan canjin inji, wato yadda ake mayar da iyakwandishan bakin aikinsa. Canza inji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan inji ya buga, mai mota kan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo wanda aka yi amfani da shi a ƙasashen waje, wanda ake kira ɗan Beljiyam. Idan an dace da irin wanda aka cire sak, aikin ba shi da wuya, domin kowane soket zai koma mazauninsa. Wahala tana tasowa ne idan injin na wata shekara ne daban, ko na wani samfurin mota, ko kuma an cire mai injekta an ɗora mai kafireto. A nan ne za a ga mota ta tashi lafiya, tana gudu lafiya, amma an danna maɓallin sanyi sai iska mai zafi. Daga nan aiki ya bar hannun makanike ya koma hannun mai wayarin.

Kafin a fahimci inda matsalar take, ya kamata a san cewa abin da wutar lantarki ke yi a nan ɗan kaɗan ne. Kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas, ba da wuta yake juyawa ba, inji ne ke jan sa da bel. A gabansa akwai wani kulochi mai maganaɗisu. Idan wutar batir ta bolt 12 ta shiga cikinsa sai ya kama, kwamfiresa ya fara juyawa. Idan ta ɗauke sai ya saki, fulin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Wannan kulochi yana cin wutar da ba ta wuce amfiya 3 zuwa 4 ba, kuma tana zuwa masa ne daga batir ta cikin fis, sannan ta cikin rile. Rile yana da ƙafafu masu lamba: 30 ita ke karɓar wuta daga fis, 87 ita ke miƙa ta ga kulochi, 85 da 86 kuwa su ne na ɗan naɗin wayar da ke jan rilen ya rufe. Duk yaron da ya yi wata shida a wurin mai wayarin zai iya wannan haɗi.

Saboda haka tambayar ba ita ce ta ina wuta za ta bi ba. Tambayar ita ce, wa ke ba rile izinin ya rufe? A motar da ta fito daga kamfani, izinin nan yakan ratsa ta hannun masu gadi da dama. Na farko shi ne maɓallin da direba ke dannawa, wanda ba ya aiki sai fankar cikin mota tana hurawa. Na biyu shi ne ma'aunin sanyi da ke manne a jikin ibaporeta, wato sashen da ke bayan dashbod inda iska ke yin sanyi. Shi ne ke yanke kwamfiresa idan sanyin wurin ya sauko wajen digiri 3, don kada ƙanƙara ta toshe hanyar iska. Na uku shi ne makunnin matsi da ke kan bututun gas. A motocin Toyota da yawa, yakan yanke wuta idan matsin ya faɗi ƙasa da kimanin psi 28, ko ya haura kimanin psi 455. Yankewar ƙasa tana da muhimmanci ƙwarai, domin man da ke shafe kwamfiresa tare da gas yake yawo, in gas ya tsiyaye kwamfiresa zai yi ta juyawa a bushe har ya ci kansa. Wasu makunnan suna da aiki na uku, wato tayar da fankar kwandensa idan matsi ya kai tsaka-tsaki.

Mai gadi na ƙarshe, kuma wanda canjin inji ya fi shafa, shi ne kwamfutar inji, wadda masu sana'a ke kira birenbos. Idan saƙo ya iso mata cewa direba yana son sanyi, sai ta ɗaga silo kaɗan kafin nauyin kwamfiresa ya hau kan inji, sannan ta bai wa rile hanya zuwa bodi. Haka nan takan sauke kwamfiresa na ɗan lokaci idan direba ya take totur har ƙasa, ko idan ruwan lagireto ya yi zafi fiye da kima. To, sabon inji yakan zo da tasa kwamfutar, ita kuwa ba lallai ba ne ta ji yaren tsohuwar motar. Wata tana jiran a kawo mata bolt 12 a matsayin saƙo, wata kuma bodi take jira. Idan aka kai mata akasin abin da take jira, ba za ta san an danna komai ba. Maganin wannan shi ne a ƙara ɗan rile guda a tsakani wanda zai juya saƙon, amma sai an san wace ƙafa ce ta soket ɗin kwamfutar ke karɓarsa, wanda kuwa ba ya samuwa sai da zanen wayoyin injin ko da mita da haƙuri.

Akwai wani misali da ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu motocin Toyota suna da ɗan ma'auni a jikin kwamfiresa mai ƙirga juyawarsa. Akwatin da ke kula da iyakwandishan yakan gwada wannan ƙirge da juyawar inji. Idan suka saɓa da yawa, sai ya ɗauka bel yana zamewa ko kwamfiresa ya cije, ya yanke wuta, fitilar maɓallin ta riƙa ƙiftawa. An yi haka ne don kada kwamfiresan da ya cije ya tsinka bel ɗin da ke jan sauran kayan inji. Idan aka cire inji mai silinda 4 aka sa mai 6, ko girman fuli ya canza, ko aka manta ba a kai wa akwatin wayar juyawar inji ba, lissafin ba zai taɓa daidaituwa ba. Kulochi zai kama na 'yan daƙiƙu ya saki, alhali babu abin da ya lalace. Wanda bai san wannan ba sai ya sa mai mota ya sayi sabon kwamfiresa, matsala kuwa tana nan inda take.

Hanyar da aka fi bi idan abu ya gagara ita ce abin da ake kira dairek: a jawo waya daga makulli ko daga batir, a sa mata ɗan makunni a gefen sitiyari, a kai ta kulochi kai tsaye. Mai mota zai ji sanyi nan take, ya biya ya tafi yana godiya. Mai wannan nazari yana ganin bai dace a yi saurin zargin masu sana'ar ba, domin sau da yawa injin yakan zo da wayoyinsa a datse, babu zane, mai mota kuma yana tsaye yana jira. Amma duk masu gadin nan da aka ambata an tsallake su. A zafin watan Afrilu, mota tana tsaye a cunkoso, fankar kwandensa ba ta san kwamfiresa yana aiki ba, matsi zai yi ta hawa har tiyo ya fashe ko gas ya fita ta bawul ɗin kariya, zafin kwandensa kuma ya ƙaru a kan lagireton da ke bayansa. Idan kuwa daga batir aka jawo wayar, aka manta makunnin a kunne da dare, da safe batir ya kwanta. Sannan inji na iya mutuwa idan aka ɗaga ƙafa daga totur, tunda babu mai ɗaga silo.

Ko da an rasa yadda za a sa kwamfuta cikin haɗin, akwai matsakaiciyar hanya. Sai a jera maɓallin direba da ma'aunin sanyi da makunnin matsi a kan waya guda, ɗaya bayan ɗaya, a kai ta ƙafa ta 86, a ɗauko wutarta daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli. A ba fanka nata rile da nata fis, domin ta fi kulochi cin wuta nesa ba kusa ba. A inji mai kafireto kuwa, akan ɗaura ɗan bawul mai aiki da zuƙar iskar inji wanda ke tura totur kaɗan idan kulochi ya kama.

Wannan duka ya shafi kwamfiresa mai kulochi ne. Motoci da yawa na bayan shekarar 2000, musamman na Jamus, suna zuwa da wanda ba shi da kulochi sam, kullum yana juyawa, wani bawul ne a jikinsa ke rage ko ƙara matsawa gwargwadon wutar da kwamfuta ke aiko masa a yanke-yanke. Irin wannan, in aka ba shi bolt 12 kai tsaye zai tsaya a kan cikakken ƙarfi ba sassauci. Abin da wasu masu gyara kan yi shi ne su ajiye shi gefe, su ƙera mazauni a jikin sabon injin, su mayar da tsohon kwamfiresan motar mai kulochi, muddin layin bel ya yi daidai.