Lissafin Wasan Bul Ya Koma Cikin Waya a New Bell

Duk ɗan kasuwa ya san bashin da ba a rubuta ba, rabinsa ya tafi. Haka maki yake a filin wasa. Shi ya sa masu wasan bul a unguwannin Hausawa na New Bell suka kwaso darasin shago suka kai fili, sai dai ba kaye da biro ba, waya ce ke riƙe lissafi.

Ga wanda bai san wasan ba, bul shi ne abin da Faransawa ke kira petank. An fara shi a garin La Ciotat kusa da Marsey a 1907, ya biyo Faransawa zuwa ƙasashen da suka mulka. Don haka mutumin Yamai ko Maraɗi ko Garwa ba ya baƙunta da shi in ya sauka Duwala. Afirka kuma ba 'yar kallo ba ce: Madagaska ta ɗauki kofin duniya a 1999 da 2016, an yi gasar duniya a Dakar a 2008, aka kuma yi a Kwatano a 2023.

Dokarsa ba wuya. Ana jefa ɗan ƙwallon katako, wato bushon, nisan mita 6 zuwa 10. Kowa ya tsaya cikin da'ira ya jefa ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 650 zuwa 800. Ɓangaren da ya fi kusa da bushon shi ya ci zagayen, kuma yana da maki ɗaya a kan kowane ƙwallonsa da ya fi na abokan karawa kusa. Wanda ya riga kai 13 ya yi nasara.

To ina rigimar take? A ƙirga. Kiran sallar magariba ya katse wasa, ko ruwan Yuli da Agusta ya watsa jama'a, in an dawo kowa da nasa lissafi. "Takwas muke, Alhaji." "Kai yaro, bakwai dai!" Daga nan sai ka ga maƙwabtan rumfa a Marché Central sun kwana biyu gaisuwa sama-sama.

A Play Store akwai manhajojin ƙirga maki, da yawa kyauta ne, kuma 'yar Tecno ko Itel ta wadatar. Ka sa sunayen 'yan wasa, bayan kowane zagaye ka danna makin kowa na gani. Wanda ba ya son manhaja, Google Sheets ma ta isa. An tashi, a ɗauki hoton allon a tura zauren WhatsApp, musu ya ƙare.

Amma babban amfanin ba a nan yake ba. A bul akwai mai ɗora ƙwallo kusa da bushon, akwai maharbi mai bugun na abokan karawa ya fitar. Kowane maharbi yana tuna bugun da ya sa fili ya ɗauki sowa, ya manta goman da suka ci ƙasa. Waya ba ta mantuwa. A ce ka yi harbi 20 ka samu 9: kashi 45 cikin ɗari ke nan. In ka raba na mita 6 da na mita 9, sai ka ga inda hannunka ke rauni, ka san abin da za ka gyara. Kamar mai shago ne da ya zauna da littafinsa, ya gano atamfar da yake alfahari da ita ba ita ke ciyar da gidansa ba.

Sai dai gaskiyar waya ba ta da kunya, a nan ake son hankali. Dattijon da ya shekara ashirin yana harbi, yau lissafi ya nuna ɗan cikinsa ya fi shi. Ba a zauren WhatsApp ake faɗa masa ba. Abokinsa ne zai ja shi gefe: "Malam, dawo ka riƙa ɗora mana, idonka ya fi na yaran nan." Babba bai faɗi ba, ɓangare kuma ya ƙaru.

Haɗari na biyu caca ce. Da zarar an san ƙarfin kowa a rubuce, wani zai ce a sa jaka ɗaya, a tura ta Orange Money ko MoMo. Daga jaka sai goma, daga goma sai jarin shago. Filin da kuɗi suka shiga, dattawa ne ke fara barinsa.

Shawarata uku ce. Mai riƙe waya ya zama ba ya cikin wasan, kuma ya faɗi maki da ƙarfi kafin ya danna. In ƙwallo biyu sun yi kunnen doki, a ɗauko mita a auna. Manhajar da ke awo da kyamara takan ruɗe in an karkata waya. Lissafin mutum kuwa nasa ne, ba a yaɗa shi sai da yardarsa.

Mun bar garuruwanmu neman halal, filin bul kuma yana cikin 'yan wuraren da baƙo ke zama ɗan gari. A ƙirga maki da kyau, a tashi lafiya, gobe a buɗe shago ana gaisawa.