Malamar da ta yi ƙaura, da jikokin da ba su ji harshenta ba

Mutanen Holan da suka yi ƙaura zuwa Kanada da Ostireliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun soma ƙarewa. 'Ya'yansu na da wata al'ada mai kyau: idan tsohuwa ta rasu, sukan rubuta tarihinta a jarida ko a takardar da ake rabawa wurin jana'iza. Labaran kusan iri ɗaya ne. An haife ta a wajen Rotterdam ko Leiden, ta sha yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 wadda ta kashe kusan mutum 20,000, ta hau jirgin ruwa da iyayenta, ta sauka a Halifax ba ta jin ko "zo" da Turanci. Daga baya ta zama malamar firamare, ta tsufa tana renon jikoki.

Ba don son yawo suka bar gida ba. Yaƙi ya rushe gidaje, gona ta yi kaɗan, har gwamnatin Willem Drees da kanta ta riƙa ƙarfafa wa mutane guiwar tafiya, tana taimaka musu da kuɗin jirgi. Ambaliyar 1953 ta zo ta ci fiye da mutum 1,800. Kusan rabin miliyan ne suka fita a waɗannan shekaru, Kanada kaɗai ta karɓi fiye da 150,000. Da suka isa, musamman mabiya cocin Rifom, sai suka haɗa taro da sisi suka gina makarantunsu. A nan irin wannan malama ta yi aikinta, kuma da Turanci ta koyar.

Abin da takardun jana'izar ba su cika faɗa ba shi ne harshen ya tafi tare da ita. Masanin harsuna Michael Clyne ya bi ƙidayar jama'ar Ostireliya ya nuna cewa 'yan Holan ne kan gaba wajen watsar da harshensu: zuwa shekarun 1990, fiye da rabin waɗanda aka haifa a Holan Turanci kawai suke yi a cikin gida. Sun ɗauki haka a matsayin ladabin baƙo, kuma ya biya su, domin 'ya'yansu sun samu aiki da daraja. Sai tsufa ya zo da nasa hukuncin. Mai ciwon mantuwa yakan fara zubar da harshen da ya koya daga baya, ya koma wa na goyo. An wayi gari tsohuwar malamar Turanci tana neman ruwa da harshen uwarta, jikar da ta rena tana tsaye ba ta gane ba. Wannan na cikin dalilan da gidajen tsofaffi na 'yan Holan, irin Holland Christian Homes da ke Brampton, suke da daraja a wurinsu.

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙaura, amma tasa ta bi wata hanya. Waɗanda suka nufi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, kuma har yau ana Hausa a can. A zangunan Kumasi da Accra, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci har ga waɗanda ba Hausawa ba, ko da yake ta sauya kama, ta daina rarrabe "ya zo" da "ta zo". A ganina sirrin ba ya wuce zaman gida ɗaya. Kaka na tsakar gida, ita ke tatsuniya, ita ke wasan jika, sau da yawa kuma ita ce ke biya wa yara allo kafin su je gaban malam. Tsohuwa mai koyarwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajis ɗinta dattijai mata ne masu kai karatu ƙauyuka.

Kada dai mu cika baki. A Makka da Jidda akwai gidaje masu amsa sunan Hausawi da jikokinsu Larabci kawai suke ji. Sunan ya tsaya, bakin ya tafi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne sabuwar ƙaurar likitoci, ma'aikatan jinya da ɗalibai zuwa Ingila, Amurka da Kanada. A can babu zango, kuma babu kaka. Tun 2012 Birtaniya ta tsaurara dokar kawo iyaye tsofaffi su zauna dindindin, har ya zama 'yan kaɗan ne ke dacewa. Kanada ta fi sassauci, tana da bizar iyaye da kakanni tun 2011, amma ziyara ce, sai an sayi inshorar lafiya mai tsada. Saboda haka Hajiya kan zo wankan jego, ta yi wata uku ko shida, ta koma. Sauran zumuncin sai ta WhatsApp: "Ina kwana, Hajiya?" "Lafiya lau, mai gidana, ya makaranta?" Daga nan yaro ya waiga yana neman uwarsa ta fassara. Uwar ta dawo daga aikin dare a gajiye, Turanci ya fi mata sauƙi, kamar yadda ya fi wa malamar Holan sauƙi shekara 60 da suka wuce. Islamiyyar ƙarshen mako ma da Turanci ake yin ta, domin ajin ya haɗa ɗan Somaliya da ɗan Pakistan.

'Yan Holan sun fi mu a abu ɗaya: sun rubuta. Jikar da ba ta jin harshen ta san sunan jirgin da ya kawo kakarta da makarantar da ta koyar. Mu kuwa sai sanarwar rasuwa mai layi uku, adadin 'ya'ya da jikoki, da Allah ya jiƙanta. Malamar da ta yi shekara 40 tana karantar da matan zango ba a ko ambaci karatun ba.

Idan Hajiya ta zo wankan jego na gaba, a hana kowa yi mata tafinta da jikokinta. A kunna waya a ɗauki muryarta tana faɗin garin da aka haife ta, wanda ya koya mata karatu, da hanyar da iyayenta suka bi, a ajiye wa yaran.