Mene Ne CD4 Da Likitoci Ke Ƙirgawa A Jinin Mai Cutar SIDA?

 Ƴan'uwa da dama kan tambaye mu ma'anar CD4 da suke gani a takardar gwajin asibiti. Rashin fahimtar wannan kalma ya sa wasu sun bar magani.

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyin halitta da Allah Ya ɗora wa aikin tsaron jiki. Wani jinsi daga cikinsu, da ake kira T, yana ɗauke da wani sinadarin furotin a bangonsa na waje, shi ne CD4. Idan wata ƙwayar tsaro ta cafke ƙwayar cuta, takan farfasa ta, ta nuna gutsurenta. CD4 ne ke taimaka wa ƙwayar T ta riƙe da kyau har ta gane maƙiyin. Galibi ba ita ke kisa ba. Aikinta kamar na ladan ne, tana kira, sauran ƙwayoyin su fito, wasu su haɗa makaman kariya, wasu su hallaka ɓangaren da ya kamu.

A shekarar 1984 masana suka gano cewa ƙwayar HIV, mai kawo SIDA ko ƙanjamau, ta wannan furotin take samun ƙofa. Tana manne masa, ta shiga, ta hayayyafa, ƙwayar T ta mutu. Mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Idan adadin ya sauka ƙasa da 200, to masu kira sun yi ƙaranci, sai tarin fuka da sanƙarau su samu hanya.

Maganin ARV yana hana ƙwayar hayayyafa, adadin CD4 ya sake hawa. A nan ne ake ruɗuwa. Mutum ya ga lambarsa ta kai 600, wani mai ba da rubutun sha ya ce masa ya warke, ya ajiye magani. Alhali ƙwayar tana nan laɓe cikin wasu ƙwayoyin T da ke kwance, kuma takan dawo cikin makonni. Ba mu hana addu'a ba, mu ma masu yin ta ne, amma Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Wanda ya ce wa mara lafiya ya daina sha, ya ɗauki alhakinsa da na matarsa da jaririn da take shayarwa. Kuma ko likita ba ya dogara da CD4 kaɗai, yana auna yawan ƙwayar cutar kanta a cikin jini.