Akwatin wutar kwamfuta: a gyara, kada a yar

Yau akwai kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar, a ofishin magajin gari da gidan likita. Wata rana sai a kunna ta, ta ƙi tashi. Sau da yawa ba ita ta mutu ba, akwatin wutarta ne ya lalace.

Mine ne aikinsa?

Wutar da ke zuwa ta waya tana da ƙarfin bolt 220. Akwatin nan shi ke rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3,3, daidai abin da kwamfuta ke ɗauka.

Mi ke ɓata shi?

Ƙurar hunturu tana toshe fankarsa. Zafin bazara yana kumbura ƴan gwangwanayen cikinsa, masu suna kondansatar. Wuta in ta zo da ƙarfi tana ƙona fis.

Mai gyara zai share ƙura, ya cire abin da ya kumbura, ya liƙa sabo da dalma. Kuɗin waɗannan ƙananan kaya bai kai na sabon akwati ba. Amma in cikinsa ya ƙone ƙurmus, sai a sayi wani, don kada ya kashe kwamfutar da takardun jama'a da ke cikinta.

Hattara!

Babban kondansatar yana riƙe wuta fiye da bolt 300, ko bayan an cire waya. Tana iya kashe mutum. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe akwatin. A kai ma gwani.